Malam Abdulbaƙi da Matakalar Baya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2003, ana saura mako biyu a kama azumi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi, mai zanen gine-gine, a gidan mahaifinsa da ke Jahun, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Shekarunsa hamsin da takwas a duniya. Ni labarin ya riske ni ina tsaye gaban ɗalibaina a hawa na huɗu na benen nan da mutanen Dutse suke kira Gidan Gilashi, wanda shi ya zana shi da hannunsa. Malam Idirisu maigadi ne ya hawo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da ni. Ban tambaye shi komai ba. Na ce wa ɗalibai su rufe injinansu, yau babu karatu.

Baba, haka nake kiranka tun ranar da na fara ganinka, haka kuma zan kira ka a wannan takarda. Mutanen gari Injiniya suke ce maka. Kai kuwa ba ka gajiya da gyara musu, ka ce kai ba injiniya ba ne, mai zane ne kawai, aikinka shi ne ka san inda mutum zai zauna, da inda iska za ta same shi, da inda zai bi ya fita.

Ni ce Raihana, 'yar Malam Nata'ala manomi daga Kiyawa. A shekarar 1992, jihar Jigawa tana da shekara ɗaya da samuwa, na shigo Dutse da takardar shaidar iya buga tafireta, na sauka wurin ƙanwar mahaifiyata ina neman aiki. Garin a lokacin ya cika ya batse. Ma'aikatan da aka kwaso daga Kano sun rasa wurin ajiye tebur, wasu a baranda suke aiki, wasu a gindin darbejiya. Na yi kwana tara ina zaga ofisoshi ana cewa in dawo. A rana ta goma aka nuna mini ɗakinka, ɗaki guda a bayan wani gidan mai, da babban allon zane ya cinye rabinsa. Ka miƙo mini wasiƙa ka ce in buga. Na yi kuskure biyu, na nuna maka su da kaina. Ka ce, "Kuskure biyu, kuma kin gan su kafin ni. Ki zo gobe da ƙarfe takwas." Shekara shida na yi ina buga maka wasiƙu, shi ya sa abin da zan faɗa a nan ba labarin wani ya ce ba ne.

Ɗan malamai ne kai, a tsangayar mahaifinka ka tashi kafin ka tafi Zariya karatun zane. Ka kan ce layi madaidaici a kan allo ka fara koyonsa, domin Malam ba ya karɓar rubutun da ya karkace. Ban san adadin masallatan unguwa da ɗakunan gwauraye da ka zana ba tare da ka yarda an yi maka ko godiya mai tsawo ba. Da ciwon mahaifina ya tsananta a daminar 1993, kai ka tuƙa tsohuwar Fijo ɗinka cikin taɓo har ƙofar gidanmu, ka ɗauke shi zuwa asibiti, ka zauna a benci tare da 'yan'uwana kamar ɗaya daga cikinsu har likita ya fito. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai in na yi ba daidai ba ka yi shiru, shirun nan kuwa ya fi bulala zafi.

Akwai wata ɗabi'a taka da na daɗe ban gane kanta ba. Duk inda ka shiga, ofis ne, masallaci ne, ko ɗakin taro, kafin ka zauna sai ka waiga ka ga ta ina ake fita. Wata rana na yi ƙarfin halin tambayarka. Ka ajiye fensir, ka ce kana saurayi ka taɓa taya mutane fito da gawarwaki daga wani bene da ya ƙone, kuma duk a wuri ɗaya aka same su, a bayan ƙofa guda, wasu a kan wasu. Ba ka faɗi garin ba, ba ka ƙara tayar da maganar ba. Ni ma ban sake tambaya ba.

A shekarar 1994 Alhaji Jaji ya zo ofishinmu. Babban ɗan kasuwar riɗi da zoɓo ne, ya kuma sami fili a tsakiyar gari, daidai mararrabar da motocin Kiyawa da na Jahun suke lodi, inda ƙarar babura ba ta yankewa daga safe zuwa yamma. Ya zo da hoton wani dogon ginin gilashi da ya yago daga kalanda, ya ce irinsa yake so, bene mai hawa huɗu, ƙasa shaguna, sama ofisoshi. Ina so mai karatu ya sani cewa Alhaji ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai kyauta, mai son ya ga garinsu ya yi kyan gani. Ka yi makonni kana zuwa filin nan da tsakar rana, ka tsaya kana duban inda inuwa take faɗuwa. Sannan ka zana masa gini mai tsakar gida a tsakiyarsa don iska ta riƙa zagawa. Gilashin da yake so ka ba shi, amma a fuskar da rana ba ta bugu. Gabas da yamma ka yi ƙananan tagogi masu rumfar kankare. Barandar ciki ka faɗaɗa ta yadda mutum biyu ɗauke da tebur za su wuce juna. Matakala kuwa ka zana guda biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya mai ƙofa zuwa lungu.

Alhaji ya yi murna da komai, har ya kai yatsansa kan kusurwar baya.

"Injiniya, wannan kuma fa?"

"Ta fita ce, Alhaji."

"To, ta gaban ba a fita ta nan?"

"Ana fita, ranar da ake lafiya."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Tun ba a aza bulo ɗaya ba kake yi mini fatan gobara? Wurin nan sito zai yi."

Ya zaro biro daga aljihu ya soke ta. Na ga fuskarka a lokacin. Ya yi sallama ya tafi. Na zaci za ka mayar masa da aikinsa, na ma faɗa maka haka. Ka ce, "In na bari, wani zai karɓa ya toshe wurin da kankare, shi ke nan har abada. In na tsaya, zan bar mata gurbi." Haka ka yi, kuma ba a ɓoye ba. Ka gaya wa Alhaji cewa za ka bar kusurwar a buɗe daga ƙasa har sama, da ginshiƙan da za su ɗauki matakala, da wurin ƙofa a kowane hawa an rufe shi da bulo layi ɗaya. Ya ce ka yi abin da ka ga dama, muddin buhunansa za su shiga.

Aka buɗe ginin a 1996. An yi taro, an yanka sa, mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka don su ga fuskarsu a jikin bango. Kai ba ka shiga rumfar taron ba. A tsallaken titi na same ka tsaye, hannunka a baya. Na ce, "Baba, ba ka ga yadda ya yi kyau ba?" Ka ce, "Ya yi kyau. Ai tarko ma in ba a gyara shi ba, ba ya kama komai."

Ba a yi wata uku ba masu haya suka kira masu walda, aka liƙe kowace taga da ƙarafuna saboda tsoron ɓarayi. Gilashin gaba dama ba ya buɗewa. Sannan aka shigo da injinan wuta aka jera su a ƙasa, da kuma man fetur ya yi wuya sai jarkoki suka fara taruwa a ƙarƙashin matakala, matakalar nan guda ɗaya da kowa yake bi. Daga nan ka fara wasiƙu. Ni na buga su, ina iya karanto farkonsu da ka: "Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sake tunatar da Alhaji." Ba ka taɓa sa kalmar zafi a ciki ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ka bi ta gaban ginin, ka leƙa ƙarƙashin matakalar, ka gaisa da Malam Idirisu, ka wuce. Har 'yan tasha suka gane ka, wasu suna cewa Injiniya ya zo duba ko gininsa ya rushe.

A 1998 na ce maka ina so in buɗe makarantar koya wa mata buga takardu da kwamfuta. Ka yi farin ciki, ka ce lokaci ya yi. Da na faɗa maka cewa a Gidan Gilashi na sami wuri, fara'arka ta ɗauke. Ka ce, "Ko'ina, Raihana, ban da can." Na yi wata biyu ina nema ban sami wani wurin da ke da wuta da tsaron da iyaye za su yarda da shi ba. Da ka ga na ƙi haƙura, ka ba ni tafireta biyu da kwamfutar ofishinka guda ɗaya tilo, ka koma rubuta wasiƙunka da hannu. Amma ka kafa mini sharaɗi. Kowace Litinin da safe sai ka zo, ka sa ɗalibaina su bar jakunkunansu, su sauka a layi, kowa hannunta a kafaɗar ta gabanta, kai kana tsaye a ƙasa kana duban agogo. Ma'aikatan ofisoshin ƙasa suna leƙowa suna dariya, suna cewa ga 'yan faretin Injiniya sun fito. Ni kaina ina jin kunya a lokacin. Allah Ya yafe mini.

Da aka fara aiki da shari'a a shekarar 2000, mutane suka fara duban abubuwan da da can ba su damu da su ba. Matakalar Gidan Gilashi ƙunci gare ta idan aka cika, maza na sauka, mata na hawa, ana gogar juna. Iyaye da mazaje suka fara janye 'ya'yansu da matansu, ɗalibaina suka ragu daga talatin zuwa sha ɗaya. Malaman unguwa suka je suka sami Alhaji Jaji da maganar. Ina ofishinka ina kai maka kukana sai ga Alhaji ya yi sallama. Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Injiniya, wurin nan da ka bari a baya, yana nan kuwa?" Ba ka tuna masa da komai ba. Ka ja aljihun tebur ka fito da zanen, a shirye yake tun shekara shida da suka wuce, ka shimfiɗa masa.

Bayan fitarsa na yi dariya, na ce yau gaskiya ta yi halinta. Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Shekara shida ina cewa rai, ba a ji ba. Yau an ce kunya, an ji. Alhamdu lillahi, dukkansu addini ne. Amma da Malam yana raye da ya gaya musu cewa tsare rai yana gaba." Wata biyu ka yi a wurin, kullum, cikin rana, kana tsaye kan magina. Ka sa aka yi ƙofofin da ake turawa su buɗe waje. Alhaji ya ce ƙofa ɗaya a hawa na huɗu ta isa tunda can ne mata suke, ka ce matakala ba ta tsallake hawa, sai da aka fasa bango a kowanne. Da mai fenti ya rubuta "Mata Kawai" a saman ƙofar lungu, ka tsaya ka karanta, ka ce a bar shi, ranar da za a buƙace ta ba za ta tambayi kowa ko shi wane ne ba.

Ranar ta zo a wata Laraba cikin watan Afrilu na 2002, ana tsakiyar zafin bazara, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. An ce wani ne yake zuba wa inji mai bai kashe shi ba. Mu a sama ƙara muka fara ji kamar an yar da ganga, sannan ihu. Na buɗe ƙofar baranda sai na ga baƙin hayaƙi yana tasowa ta matakalar gaba, mai kauri, yana birgima kamar ana turo shi. Kafin in rufe baki ya kai rufi. Mu ashirin da uku ne a ajin. Wasu suka ruga taga suka kama ƙarfe suna jijjigawa. Wata ɗalibata, Luba, tana da cikin wata bakwai, ta durƙushe a ƙasa tana salati ta kasa tashi. Ban san daga ina muryar ta zo mini ba, na ji kawai na daka tsawa na ce, "Litinin! Ku yi layin Litinin!" Wallahi, Baba, sai na ga sun saki ƙarafunan nan, kowa ta ɗora hannu a kafaɗar 'yar'uwarta. Ni da wata muka ɗaga Luba. Na tura ƙofar baya ta buɗe. Muna sauka muna jin gilashin gaba yana tarwatsewa yana zuba a titi. Mazan hawa na uku suka biyo bayanmu, masu dariyar nan, babu wanda ya tsaya karanta abin da aka rubuta a ƙofa.

A lungu na gan ka. Ba hula a kanka, takalmi ƙafa ɗaya, da gudu ka taho daga ofis. Ba ka gaisa da kowa ba, ƙirga mu kake yi da ido. Sannan ka ce, "Ina mutanen hawa na biyu?" Babu wanda ya gan su. Kai kaɗai ka san dalili, domin ka taɓa rubuta wasiƙa a kansa: da yake ofishin maza ne zalla, sun jingina babban kabad na ƙarfe a jikin ƙofar baya tasu. Ka fizgi wani guntun rodi daga hannun mai faci, kai da Malam Idirisu kuka hau. Mun ji dukan ƙarfe, mun ji kana kiran su kana cewa su ture kabad ɗin gefe, ba gaba ba. Mutum tara suka fito, suna tari suna faɗuwa. Malam Idirisu ya fito. Kai ka daɗe. Ashe ka shiga ne kana bin ɗaki ɗaki da rarrafe don ka tabbata ba a bar kowa ba. Da ka fito fuskarka da rigarka sun koma baƙi, ka zauna a bakin kwata kana neman numfashi, har 'yan kwana-kwana suka iso.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba a ranar. Alhaji Jaji ya zo ya durƙusa gabanka a cikin lungun nan, dattijo da furfurarsa, yana kuka. Ka kama hannunsa ka ce ya tashi, shi ya gina matakalar, ladan nasa ne. Luba ta haihu lafiya bayan wata biyu, mijinta ya sa wa yaron sunanka.

Tari kuwa bai sake ka ba daga ranar. An je Kano, an dawo, an canza magani. Likitoci suka ce hayaƙi ya yi wa huhunka illa. Kai ka ce kowa da sababinsa, ajali ba ya kuskure. Tun kana zuwa ofis kullum, ka koma sau biyu a mako, har ya zama ba ka iya hawa ko matakala uku sai ka tsaya. A farkon wannan shekara iyalinka suka mayar da kai Jahun.

Ina ma a ce labarin a nan ya tsaya. An gyara ginin, an mayar da gilashi wanda ya fi na da sheƙi. Alhaji Jaji ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka damƙa ginin a hannun wani wakili. Aka yi sata sau biyu, aka ce ta ƙofar lungu aka bi. Wakilin ya sa sarƙa da kwaɗo. Yanzu da safe zai buɗe mu shiga, ya mayar da kwaɗon, ya hau babur ɗinsa ya tafi harkokinsa da makullin a aljihu, sai azahar ya dawo. Jarkoki sun koma wurinsu na da. A cikin shekarar nan kaɗai benaye uku sun tashi a kewayen mararrabar, duk sun kwaikwayi fuskar Gidan Gilashi, babu wanda ya kwaikwayi bayansa. Na shiga biyu daga ciki na duba. Matakala ɗaya ce, tagogi a liƙe.

Kwana goma kafin rasuwarka na je duba ka. Hajiya Zulaihatu, uwargidanka, ta kai ni ɗakin da kake kwance, an jingina ka da matasai domin ba ka iya kwanciya sosai. Ka rame har zobenka yana yawo a yatsa. Muka gaisa, ka tambayi mahaifiyata, ka tambayi ɗalibai. Sannan ka ce, "An cire kwaɗon?"

Na dubi halin da kake ciki, na ce, "An cire, Baba."

Ka dube ni. Ban taɓa yi maka ƙarya ba sai ranar, ita ma ba ta yi tsawon numfashi biyu ba.

"Ɗauko biro," ka ce.

Wasiƙar da da can kake faɗa mini cikin minti biyar, ranar sai da muka yi kusan awa guda. Ka faɗi kalma uku, ka huta, Hajiya ta ba ka ruwa. Ba ka nemi a cire tsaro ba. Ka kwatanta wa masu ginin irin sakatar da za a sa, wadda ake buɗewa daga ciki da tura hannu, ba ta buɗuwa daga waje, har ka karɓi biron ka zana ta a gefen takardar. Ka ce in buga in kawo ka sa hannu. Na ce ranar Juma'a zan dawo. Juma'ar ta zo, ɗalibaina suna jarrabawa, na ce sai ta sama. Ba ka kai ba.

Wannan abu yana cina, ban kuma san ranar da zai bar ni ba. Bayan sadakar uku na ɗauki wasiƙar na bi mutane gida gida. Mata ashirin da biyun nan da muka sauko tare duk sun sa hannu, mai dangwala yatsa ta dangwala. Cikin mutum taran hawa na biyu na sami bakwai. Wurin da aka bari don sa hannunka na bar shi yadda yake. Na kai wa wakilin, ya karanta a tsaye, ya ninke, ya ce za a duba. Yau kwana takwas ke nan. Jiya na rufe makaranta, na ce wa ɗalibai su zauna a gida har sai an cire sarƙar ko na sami wani wuri, ko da kuwa hakan shi ne ƙarshen sana'ar tawa. Amma ni kaɗai na fita. Fiye da mutum saba'in suna hawa benen nan kowace safiya. Malam Idirisu, da ba shi da ikon taɓa kwaɗon, ya sayo guduma ya ajiye a bayan bencinsa. Ya ce mini ko sallah zai yi, a kusa da ita yake shimfiɗa buzunsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zulaihatu, wadda ta yi jinyarka wata goma sha takwas ban taɓa jin ta ce wayyo ba, da 'ya'yanka Musaddiq da Khadijatu, da 'yan'uwanka da almajiran gidan Malam a Jahun, da magina da kafintoci da masu walda da suka rufe aikinsu suka cika mota suka raka ka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya sa albarka a bayansa. Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka Ya haskaka shi, Ya sada ka da Manzon Rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka yafe mini Juma'ar da ban zo ba. Allah Ya ba Alhaji Jaji lafiya, Ya taɓa zuciyar wanda makulli yake hannunsa tun lokaci bai ƙure ba. Waɗanda kuma za su hau benen nan gobe da safe, Allah Ka sauko da su lafiya. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Raihana Nata'ala
Dutse